Me Ya Sa Sauro Ya Daina Jin Maganin Gidan Sauro?

Cikin watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma ga gidan sauro mai haɗin magani biyu a wuraren da sauro ya daina jin tsohon magani. Shawarar ta shafi Nijeriya ƙwarai, domin wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a ƙasar nan suke. Tushen maganar kuwa yana cikin wani abu da ido ba ya gani, watau tantanin da ya lulluɓe ƙwayar jijiya.

Tantanin nan na kitse ne, ko a jikin mutum ko na ƙwaro. A cikinsa akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa su shigar da sinadarin sodiyam, nan da nan su rufe. Ta haka saƙo ke bin jijiya. Maganin firetiroyid da a ke sa wa gidan sauro yakan hana ƙofofin rufewa da wuri, sai jijiya ta yi ta harbawa har jikin ƙwaron ya shanye. Di-Di-Ti ma nan ya ke kamawa.

To, me ya hana shi kashe mai barci a ciki? Ƙofofin ƙwaro sun fi na dabbobi masu shayarwa kama maganin nesa ba kusa ba. Sa'an nan ƙarfinsa yana raguwa da zafi, ga shi jikin mutum yana kan digiri 37, hanta kuma takan warware ɗan abin da ya shiga jini.

Inda gizo ke saƙa shi ne, mutum yana da ƙofofin nan iri tara, na sauro kuwa duk daga ƙwayar gado ɗaya su ke. Ɗan canji guda a cikinta ya isa ya rage kamun maganin, kuma a 1998 masana suka bayyana irin wannan canji a sauron Afirka ta Yamma. Feshin da manoma ke yi wa auduga da kayan lambu da dangin maganin nan ya ƙara wa sauro mai taurin kai yawa.

Kulofenafir, ɗaya daga cikin sababbin magungunan, ba ruwansa da ƙofar sodiyam. Hanyar da ƙwayoyin jikin sauro ke samun ƙarfi ya ke datsewa. Sai dai gidan sauron da ke ɗauke da shi ya fi tsada. Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su riƙa gwada sauron yankinsu kafin su sa hannu a kan kwangilar sayen gidajen sauro.