Kujerar oga ta fata, ta akawu ta roba

Leƙa duk ofishin da ka ga dama, na gwamnati ko na kamfani, ka duba wa ya fi kowa daɗewa a zaune. Oga dai sai hantsi ya dubi ludayi yake isowa, ya rattaba hannu a fayil biyu, ya wuce taro. Amma kujerarsa ta fata ce, mai juyawa, har da matashin wuya. Mai wuni a gaban kwamfuta tun ƙarfe takwas har bayan La'asar, akawu ko sakatariya ko mai shigar da bayanai, shi aka dasa a kan kujerar roba, irin wadda ake haya ranar ɗaurin aure. In ya yi kukan ciwon baya, sai a ce ya gyara zama. Ya gyara a kan me?

Wannan magana ta "gyara zama" tana ƙona min rai, domin tana ɗauke laifi daga kan mai ofis ta jibga wa mai ciwo. Tebur ya yi tsawo, kujera ta yi ƙasa, dole kafaɗu su wuni a ɗage. Laftof kuwa allonta da madannanta a manne suke: in ka ajiye ta inda hannu zai sake, wuya ya sunkuya, in ka ɗaga ta daidai ido, hannu ya rataya. Kan baligi ya kai kilo 5. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafta a 2014 cewa in aka sunkuyar da kai digiri 60, nauyin da ke hawa wuya yakan kai kilo 27. Ya zarce rabin buhun siminti ke nan, kuma ba a biyan kuɗin dakonsa a albashi.

Kada wani ya ce sabon salo ne na 'yan boko. Tun a 1713 likitan nan na Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta a kan cututtukan magatakarda, ya danganta su da dogon zama da maimaita motsin hannu iri ɗaya. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon ƙugu shi ne kan gaba wajen naƙasa mutane a duniya: mutum miliyan 619 a 2020, ana kuma hasashen miliyan 843 a 2050. Ba duka zaman ofis ya jawo ba, na sani. To amma Ingila tun 1992 take da dokar da ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya binciki wurin zaman mai aiki da kwamfuta, ya tsara masa hutu, ya kuma biya masa gwajin ido in ya nema. Mu ma a Najeriya akwai Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun diyya da ke hannun hukumar NSITF, ta kuma haɗa da cutar da aiki ya haifar. Tambayi sakatariyar ofishinku ko an taɓa karanta mata ita.

Sai talaka ya nema wa kansa mafita. Wannan ya ce basir ne, ya ɗirki jiƙo. Wancan ya biya kemis kullum da yamma ya sayi diclofenac ko ibuprofen, yana haɗiya babu ƙa'ida, alhali yawan shansu yana cin ciki yana taɓa ƙoda. Wani ma a haka ya faɗa tramadol. Duk wannan, kujerar tana nan tana jiransa gobe da safe.

Abin da ya fi ban haushi, gyaran bai kai kuɗin labulen ofishin oga ba. Saman allo ya zo daidai ido, nisansa kamar tsawon hannu. Gwiwar hannu ta sauka kusa da jiki, tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, ƙugu ya samu majingina. Mai laftof a saya masa madannai na dabam, a ɗora ta bisa tsofaffin fayilolin da ƙura ke ci. Uwa uba, a bar mutum ya miƙe duk bayan rabin awa ya ɗan taka, ya kuma ɗauke ido daga allo kowane minti 20 ya hangi nesa. Amma akwai ogan da in ya ga ka tashi sai ya haɗe rai, wai kana yawo a lokacin aiki. Ba don sallar Azahar ba, da wasu ba za su miƙe ba sai an tashi.

Kai ma'aikaci, in ciwon ya fara sauka ƙafa, ko ka ji ta tana mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, bar jiƙo da kemis ka nufi asibiti a ranar. Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, in kun zauna da gwamnati da masu kamfanoni kan mafi ƙarancin albashi, ku saka kujera da tebur da hutun miƙewa a cikin takardar buƙatu, ku ƙi sa hannu sai an amince.