Cinikin Biri A Sama

A wannan wata za mu duba wani ciniki da ya shigo gidajenmu ta wayar hannu da kwamfuta. A wasannin intanet, kamar wasan ƙwallo na kamfanin EA wanda a dā ake kira FIFA, akan sayar da akwati a rufe. Yaro ya biya kuɗi na gaske, sa'an nan ya buɗe. Wani lokaci ya sami shahararren ɗan ƙwallo, yawanci kuwa wanda ba ya so. Sai ya sāke biya.

Wannan adalci ne? Mu dai mun ce a'a. A kasuwa, mai sayen mudun gero yakan ga geronsa kafin ya miƙa kuɗi. A nan kuwa mai sayarwa ne ya tsara abin da zai fito, mai saye yana cikin duhu.

Hukumomi ma sun lura. A 2017 ƙasar Sin ta tilasta wa kamfanoni su bayyana yawan damar samun kowane abu. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin wannan caca ce, har EA ya daina sayar da akwatunan da kuɗi a can a 2019.

Iyaye, kada mu tsaya ga faɗa kawai. Mu sa lambar sirri a kan saye, mu zauna da yaro mu lissafa abin da ya kashe. In ya ga jimlar da idonsa, zai gane wanda ya ci riba.