Arahar Bakanike, Tsadar Inji

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ga masu tsofaffin motoci a ƙasar nan, wadda ya kamata a fito fili a yi magana a kanta. Mutum ya wayi gari ya ga ɗigon baƙin mai a inda motarsa ta kwana, sai ya nufi kasuwar kayan mota, Ƙofar Ruwa in a Kano ya ke, ko Panteka in a Kaduna ne, ya biya kuɗin kaya ba da wata doguwar gardama ba. Amma da ya zo wurin bakanike aka yanka masa kuɗin aiki, sai ya murtuke fuska ya ce, "Haba malam, 'yan notuna nawa ne za ka kwance?" Ya yi ta ciniki sai ka ce mai sayen akuya ran kasuwa, ya bar wannan gareji ya faɗa wancan, har ya dace da wanda zai karɓi abin goro. Ya koma gida yana murna wai ya yi tattali. Ni kuwa na ce ɓarna ya yi, ga kuma dalilina.

Da farko sai mu san abin da a ke magana a kai. A ƙarƙashin injin mota akwai wani kasko na ƙarfe da aka ɗaure da notuna kewaye da bakinsa, shi ne kanikawa ke kira botom filet. Cikinsa baƙin mai ke taruwa, kamar lita 4 a yawancin ƙananan motoci. Akwai famfo da ke zuƙo man nan ta cikin wata 'yar rariya da ke kusa da gindin kaskon, ya tura shi duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. In man ya tsiyaye, ko rariyar ta toshe, ƙarafan nan za su yi zafi su cinye juna cikin 'yan mintoci kaɗan. Shi ne ka kan ji an ce inji ya buga. Watau dai ran inji duka a kaskon nan ya ke kwance, ga shi kuwa shi ne mafi kusa da ƙasa, shi ke fara gamuwa da dutse da kunyar hanya.

To, me ya sa kuɗin aikinsa ya kan fi kuɗin kayansa? Fakin ɗin da a ke sa wa tsakanin kasko da inji ba shi da wata tsada. Isa wurin ita ce wahala. A wata motar, bakanike na shiga rami ya ga kaskon a sarari. A wata kuwa sai ya sauke bututun salansa da ya gitta ta ƙarƙashi, kamar yadda ya ke a tsohuwar Toyota Camry mai inji 2.2. A wata ma sai an kwance kujerun inji an ɗaga shi da jak, don ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba ya tare hanya. Bitil ta kamfanin Volkswagen, wadda aka fara harhaɗawa a Legas a 1975, ba ta ma da kaskon da a ke cirewa, sai wani ɗan faifai mai notuna 6 da rariya a bayansa. Ashe wanda ya ce, "Ai maƙwabcina kaza ya biya," bai faɗi kome ba, sai fa in motarsu iri ɗaya ce. A Ingila da Amurka gareji na da littafi da ya ƙayyade sa'o'in da kowane aiki zai ci a kowace irin mota, a kan sa'a a ke biya. Mu nan ba mu bin wannan hanya, amma rana ɗaya ce ke fito mana da su, wunin bakanike kuwa bai fi na kowa araha ba.

Sa'an nan ka tuna tsohuwar mota ce. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, masana'antar Fijo ta Kaduna kuma ta buɗe a 1975, ga shi har yau ana ganin ragowarsu kan hanya. Motocin da a ke kira Beljiyam su ma sun sha duniya kafin su iso mu. Notin da ya shekara 20 ko 30 yana shan zafi da ruwa da ƙura ba ya kwantuwa da garaje. In ya karye a cikin jikin inji, aikin sa'a biyu ya zama na wuni guda, sai an huda an ciro guntun. Gwani ya san haka, shi ya sa ya ke lallaɓa shi, shi ya sa kuma ya ke sa wannan haɗari cikin lissafinsa.

Yanzu bari mu duba abin da mai araha ke sayarwa. Wanda ya karɓi rabin kuɗi, rabin aiki zai yi, ba ya kuwa gaya maka wane rabi ya bari. Ba zai wanke inji ya nemi inda yoyon ya fito ba. Mai kuwa ƙasa ya ke gangarawa: ko daga murfin saman inji ya ke, ko daga filta, ko daga robar da ke tare mai a bakin karanshaf, duk a jikin kasko zai taru ya ɗiga. Sau da yawa a kan sauke kaskon da bai yi laifin kome ba, mai mota ya biya, gobe ɗigo na nan inda ya ke. Ba zai kankare tsohon fakin har ƙarfe ya fito fes ba. Sai ya ɗauko gam ya lafta kamar mai yaɓen ɗaki, ya ɗaure. Abin da ya matso waje kana gani, amma wanda ya matsa ciki fa? Shi ne zai gutsuttsure ya bi mai ya toshe rariyar nan. Ko a motocin da masu ƙera su suka ce a sa gam maimakon fakin, siririn layi a ke ja, a kuma ba shi lokaci ya kama kafin a zuba mai. Mai gaggawar sallamarka ya kama wata motar ina ya ga wannan lokaci?

Ɗaurin notunan ma ilmi ne. Ƙanana ne, ƙarfi kaɗan su ke so, a bi su daki-daki ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kasko ya zauna daidai. Amma sai ka ga an bar wa yaron gareji, shi kuwa a ganinsa ƙarfin damtse shi ne gwaninta. Ya danne har bakin kaskon ya lanƙwashe, fakin ya tsage, yoyon da ya ke ɗigo ya koma zuba. Haka kuma notin da a ke kwancewa a juye mai: akwai 'yar washa ta tagulla ko ta alminiyam da ya kamata a sake, maimakon haka sai a ƙara ɗauri har haƙoran ramin su cinye, musamman in kaskon na alminiyam ne. Daga nan sai naɗa leda da tsumma. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Mafi muni duka, wanda zai ce a kawo mai walda ya liƙe tsaga alhali kasko na jikin mota. Tururin mai na ciki, wuta na waje, sai abin da Allah ya kiyaye.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zamani ya yi tsanani, tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kome ya hau, mai tsohuwar mota kuwa ba don yana da shi ya ke riƙe da ita ba. Gaskiya ne. Amma wannan hujja a gefena ta ke. Mai hali in injinsa ya buga gobe zai sa wani. Talaka mai haya da motar nan ya ke ci da iyalinsa, in ta buga sai a jingine ta a kan duwatsu kaji su riƙa kwana a ciki. Je ka tambayi kuɗin inji na hannu a kasuwa, ka gwada da ɗan abin da ka ke jayayya a kai, ka ga wanda ya fi.

Za a kuma ce ai kanikawan ma ba waliyyai ba ne, akwai mai tsawwala kuɗi ya yi aikin banza. Wannan ma haka ne, ban kuwa ce tsada ita ce shaidar gwaninta ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da kuɗi su kaɗai ma'auni. Ai ka yi karatu, ka iya rubutu da lissafi, to, ga inda za su yi maka rana. Nemi wanda ya saba da irin motarka, direbobin haya na tasha sun san shi, don su ba su da kuɗin komawa gareji sau biyu. In yana da takardar jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, madalla, ko da ya ke gwanaye da yawa ba su da ita. Ka lura da abin da zai fara yi. In ya ce a wanke inji tukuna a tayar a duba, ka sami mutum. In kuwa tun bai sunkuya ba ya yanke hukunci, yi masa sallama. Tambaye shi abin da zai kwance kafin ya kai ga kaskon, don amsar nan ita ce ke nuna ko kuɗin da ya faɗa daidai ne. Ka sa a rubuta kuɗin kaya daban, na aiki daban, na sabon mai da filta daban, ku kuma yi magana tun da wuri a kan wanda zai ɗauki nauyi in noti ya karye, ko in yoyo ya dawo cikin mako.

In an sauke kaskon, kada ka tafi shan inuwa. Leƙa cikinsa. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli a cikin dagwalon, injin ya riga ya fara cin kansa, gara ka sani yanzu ka yi shawara ko motar ta cancanci ƙarin kashe kuɗi. In gindin kaskon ya lotsa, a buga shi ya miƙe, don lotsawar kan matse bakin rariya. A wanke rariyar kanta tun da ga ta a fili, ba a kuwa samun wannan dama kullum.

Bayan an gama, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji daren farko da na biyu, da safe ka duba, ka kuma zaro ma'aunin mai ka ga ko ya ragu. In kana tafiya jar fitilar nan mai kama da buta ta kama, ka ratse ka kashe inji nan take, ko da gareji na hango ka.