Tafkin da Aka Yi wa Jana'iza Tun Yana Raye

Da wuya a karanta labari a kan Tafkin Chadi, a jaridar Abuja ko ta Landan, ba a ci karo da wata jimla guda ba: tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin 100 tun daga shekarun 1960. Shugabannin ƙasashe sun faɗe ta a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin agaji sun sa ta a takardun neman tallafi, gidajen rediyo sun mayar da ita Hausa har ta zauna a bakin mutanen da ba su taɓa ganin tafkin ba. Jimlar tana da asali na gaskiya. Aibinta shi ne ta tsufa, kuma shekara da shekaru masana ruwa suna sane da haka, alhali 'yan jarida na ci gaba da maimaita ta kamar jiya aka auna.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Daga nan fari ya auka wa yankin Sahel, na farkon shekarun 1970 da kuma na 1984 wanda ya fi shi tsanani. Tafkin ba shi da zurfi, mafi yawansa 'yan mitoci ne kawai, saboda haka ruwa kaɗan ya ragu sai gaɓa ta ja da baya tafiyar kilomitoci. A 1973 wani tudu da ke ƙarƙashin ruwa ya bayyana, ya raba tafkin gida biyu, na kudu da na arewa. Na arewa, wanda Nguigmi da ke Nijar take bakinsa, ya bushe ƙurmus sau da dama a shekarun 1980, ruwan da ake gani a fili kuma ya koma ƙasa da murabba'in kilomita 2,000. A 2001 Michael Coe da Jonathan Foley na Jami'ar Wisconsin suka wallafa bincikensu a kan wannan raguwa, hukumar NASA ta jera hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban, sannan fim ɗin Al Gore na 2006 ya kai hotunan ga miliyoyin masu kallo. Daga wannan lokaci labarin ya daskare.

Tafkin kuwa bai daskare ba. Tun daga shekarun 1990 damina ta fara gyaruwa a Sahel. Binciken da Binh Pham-Duc da Florence Sylvestre da abokan aikinsu suka fitar a mujallar Scientific Reports a 2020 ya nuna cewa a cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba, ɓangaren kudu ya tsaya da ƙafarsa, ruwan da ke ajiye a ƙarƙashin ƙasa ma ƙaruwa yake yi. Akwai kuma wani abu da duk masunci na Baga ya sani, amma hoton sama bai nuna shi: ruwa mai yawa yana kwance ne a ƙarƙashin ciyayi. Idon tauraro yana ganin kore sai a ɗauka tudu ne, alhali kwalekwale na ratsa wurin.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekarar da aka zaɓa a fara lissafi da ita. Shekarun 1950 da farkon 1960 suna daga cikin mafiya ruwan sama da aka taɓa rubutawa a Sahel, wato an auna tafkin ne a ranar da ya fi ƙoshi. Jean Tilho, hafsan Faransa da ya zagaya yankin a farkon ƙarni na 20, ya tarar da ɓangaren arewa a bushe, kuma shi ne ya rarraba yanayin tafkin zuwa ƙarami da matsakaici da babba. Cika da janyewa ɗabi'ar wannan ruwa ce tun kafin a haifi kakannin masu rubuta labarin. Géraud Magrin, masanin labarin ƙasa ɗan Faransa, ya rubuta maƙala sukutum a 2016 yana bin diddigin yadda zancen ɓacewar tafkin ya zama tatsuniya. An wallafa ta, masana sun karanta, ɗakunan labarai kuwa ba su ji ɗuriyarta ba.

Mai karatu na iya cewa to mene ne abin damuwa, tunda dai manufar kirki ce, a jawo hankalin duniya ga yankin da ke cikin wahala. Abin damuwar shi ne kuskuren gane cuta yana kai ga kuskuren magani. Idan tafki na mutuwa, to maganinsa a ƙaro masa ruwa, kuma a kan wannan tunani ne taron ƙasa da ƙasa da aka yi a Abuja a watan Fabrairun 2018 ya rungumi shirin Transaqua, na haƙa mashigin ruwa mai tsawon kimanin kilomita 2,400 daga rassan Kogin Kwango, a kan kuɗin da aka ƙiyasta da dala biliyan 50. Yankin ya riga ya ɗanɗana irin wannan lissafi. Babban aikin noman rani na kudancin tafkin da aka kafa a wajajen Marte a shekarun 1970 an tsara shi ne bisa zaton gaɓar ruwa za ta tsaya inda take. Ruwa ya janye, magudanan suka zauna a bushe. Su kuwa mutanen bakin tafkin tuni suka koyi zama da shi: idan ya cika a yi su, a kyafe kifi a kai Baga, idan ya janye a shuka masara da wake a danshin da ya bari, makiyaya su shigo da shanu. Abin da ya fi karya wannan tsari a shekarun baya-bayan nan shi ne rikicin Boko Haram da rufe hanyoyi da kasuwanni, tare da damina da ta daina cika alkawari, ba a san yaushe za ta sauka ba, ba a san da wane ƙarfi ba.

A nan ne labarin sauyin yanayi na gaskiya yake, kuma ya fi na ƙafewa ban tsoro. Binciken da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda ya fito a mujallar Nature a 2017, ya gano cewa manyan hadarurruka masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, ta kuma shanye unguwanni a Njamena. Masanan World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta sa yiwuwar samun irin wannan damina a yankin Tafkin Chadi ta ninka kusan sau 80. Shekara talatin ana shirya wa mutane zukata domin fari, ruwa ne ya zo ya ci su.

Laifin bai tsaya a ɓangare ɗaya ba. Ɗan jarida yana aiki ne da agogo, edita na jiran labari kafin ƙarfe huɗu, kuma adadin da ke cikin tsohon labari shi ne mafi sauƙin ɗauka, musamman idan wata babbar hukuma ta taɓa faɗarsa. Wanda aka tura ya rubuta labarin ambaliya yau, jiya kotu ya je, gobe kuma majalisa. Masanin kuma yana da nasa alhakin. Yana rubutu da Turanci ko Faransanci, a mujallun da sai an biya ake karantawa, yana lulluɓe kowace jimla da sharuɗɗa, kuma idan ya ga an yi kuskure a jarida sai ya yi tsaki a ofis ya ci gaba da aikinsa. Wasu suna gudun 'yan jarida ne saboda an taɓa murɗe musu magana. Wasu kuma, a faɗi gaskiya, suna tsoron kada gyaran ya zama makami a hannun masu ƙaryata sauyin yanayi. Wannan tsoro ba shi da amfani. Ranar da mai sauraro ya gano da kansa cewa tafkin da aka ce ya mutu yana cin gonaki a Bosso, daga ranar ya daina yarda da sauran abin da aka gaya masa, har da na gaskiyar.

Abin da ake kira tattaunawa tsakanin masana da 'yan jarida a ƙasashen nan yawanci bita ce ta kwana biyu a otal. Masani ya nuna zane-zane a allo, a ci abinci, a raba kuɗin mota, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Irin wannan taro ba ya gyara jimla ko ɗaya a jaridar mako mai zuwa. Abin da ke gyarawa ya fi haka arha, ya kuma fi wuyar samu: ɗan jarida ya san masanin da zai kira da yamma ya karanta masa sakin layi ɗaya, masanin kuma ya ɗaga wayar. A Birtaniya an kafa Science Media Centre a 2002 domin wannan aiki kaɗai, haɗa ɗakin labarai da masani a cikin sa'o'in da labari ke da zafi. Kayan aikin suna nan a yankin. Akwai Jami'ar Maiduguri, akwai cibiyar binciken noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, akwai AGRHYMET a Yamai tun 1974, akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, ga NiMet da ke fitar da hasashen damina kowace shekara, ga NIHSA da ke fitar da na ambaliya. Igiyar da za ta ɗaura su da teburin edita ce ba a murɗa ba.

Sai kuma batun harshe, wanda bitar otal ba ta taɓa shi sam. Mafi yawan mutanen yankin ta rediyo suke jin labarin nan, da Hausa ko Kanuri. A Hausa kalmar yanayi ita ce ake amfani da ita ga hadarin yau, ita ce kuma ake amfani da ita ga ɗabi'ar damina ta shekara talatin, abubuwa biyu da masana suka gina ilimi guda a kan bambanta su. Idan hasashe ya ce akwai yiwuwar kashi 45 cikin 100 damina ta wuce yadda aka saba, mai fassara da ke sauri zai ce za a yi ruwa da yawa bana, manomi ya ji alkawari a inda masani ya yi zato. Haka nan cewa yiwuwa ta ninka sau 80 tana iya komawa ruwa ya ninka sau 80 a bakin wanda ba a zauna da shi an warware masa ba. Masani ba zai iya gyara wannan shi kaɗai ba, domin sau da yawa bai taɓa tunanin aikinsa da Hausa ba. Mai gabatar da shiri shi ya san kalmar da za ta shiga kunnen manomi. A wannan fage masanin ne ɗalibi.

Akwai haɗari a kusantar, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Ɗan jaridar da ya saba da masani yana iya zama kakakinsa, ya manta cewa masana ma suna da masu ba su kuɗi, suna kuma yin kuskure. A shekarun 1970 ra'ayin da ya yi tashe shi ne kiwo fiye da kima da sare itatuwa ne suka jawo farin Sahel, aka ɗora wa makiyaya da manoma laifi. Sai a 2003 binciken Alessandra Giannini da abokanta ya nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna ne babban dalili. Tambaya mai tsauri ita ce gudunmawar ɗan jarida, kuma ambaliyar Maiduguri ta nuna inda ake buƙatarta. A ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin. An yi ruwan sama mai yawa a wannan shekara, gaskiya ne. Amma madatsar ta taɓa jawo ambaliya a 1994, kuma an daɗe ana kokawa a kan lalacewarta. Kalmar sauyin yanayi tana da daɗin fakewa ga jami'in da bai yi gyara ba. Injiniyan ruwa zai iya faɗin iyakar abin da madatsa lafiyayya za ta iya riƙewa. Bin sawun kuɗin gyaran da aka ware kuwa aikin ɗan jarida ne, kuma babu ɗayansu da zai kai ga cikakken labarin shi kaɗai.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga Tafkin Chadi daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, daga ruwan saman da ya sauka can kudu, a Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Ruwan yana tafiya a hankali. Shari yana kai ƙololuwarsa a Njamena wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, tafkin kudu ya cika a ƙarshen shekara, sannan idan ruwan ya isa ya tsallake tudun nan da ya raba tafkin, ya malala arewa a cikin hunturu. Ma'ana, wanda ya karanta ma'aunin kogi a Njamena a watan Oktoba yana da makonni a hannunsa kafin ruwan ya isa gonakin da ke bakin tafki a Borno da Diffa. Ana karanta ma'aunin. Manomin da ke shawarar inda zai shuka masararsa ta rani, da masuncin da ke tunanin ko ya ci bashi ya gyara kwalekwale, suna kunna rediyo kowace safiya, kuma abin da suka fi ji game da tafkinsu har yanzu adadin 2001 ne.