Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi: Iyaye Da Darasin Kiɗa A Makarantun 'Ya'yanmu

  

Kwanakin baya wani bawan Allah ya jira bayan sallar La'asar har jama'a suka watse, sannan ya matso kusa da mu da damuwarsa. 'Yarsa mai shekara 14 ta shafe shekara shida tana koyon gogen Turawa, wanda ake kira bayolin, a makarantar kuɗi da ya sa ta. Ta haye mataki huɗu na jarrabawa, saura wata biyu ta shiga na biyar, har an biya kuɗi. Sai ya saurari wani wa'azi a waya a kan haramcin kayan kiɗa, a daren ya karɓe gogen ya kulle a ɗakinsa. Yarinyar ba ta yi masa gardama ba. Abu ɗaya ta tambaya: “Baba, duk shekarun nan ba ka sani ba ne?” Ya ce wannan tambaya ita ce ta hana shi barci.

Muka tambaye shi ko wa ya sa hannu ranar da aka fara. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ne, takardar tana cikin sauran takardun kuɗin makaranta, bai ma karanta ta ba.

Wannan shi ne dalilin rubutunmu na yau. Muna ganin taimako na farko da uba zai yi wa ɗansa a sha'anin koyon kiɗa shi ne ya ɗauki matsaya da ilimi tun kafin a fara, sannan ya tsaya a kanta tare da yaron. Shirun iyaye ba matsaya ba ce, sauke kaya ne a kan wanda bai isa ɗauka ba.

A da, kiɗa a ƙasar Hausa gado ne. Ɗan makaɗi shi ke bin mahaifinsa da kalangu ko kukuma ko algaita, sauran iyaye kuwa ba su da wata shawara da za su yanke. Yanzu lamarin ya shigo aji. Manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta Najeriya ta sanya kiɗa cikin darasin al'adu da fasaha, makarantun kuɗi da dama a manyan birane kuma suna ba da horo na musamman a kan fiyano da jita da bayolin. 'Yan'uwanmu mazauna Ingila sun fi mu fuskantar wannan, domin a can kiɗa yana cikin manhajar ƙasa ga yara daga shekara 5 zuwa 14. Sai dai a ko'ina, zaman aji na kowa da kowa daban yake da horon mutum ɗaya da jarrabawarsa. Na biyun zaɓi ne, ba ya yiwuwa sai da kuɗin uba da sa hannunsa.

Ya kamata mu san irin hanyar da ake ɗora yaro a kai. Mafi shahara a cikin hukumomin wannan jarrabawa ita ce ABRSM, wadda aka kafa a Landan a 1889, sai Kwalejin Trinity ta Landan. A Najeriya akwai ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983, ita ma tana shirya nata matakan. A tsarin ABRSM manyan matakai takwas ne. A jarrabawar ido da ido yaro zai kaɗa sauti uku da ya shirya, ya hau matakalar amo ya sauko, a ba shi rubutun kiɗa da bai taɓa gani ba ya kaɗa nan take, sannan a gwada kaifin kunnensa. Jimillar maki 150 ne, ana ci da 100, yabo yana farawa daga 120, fifiko daga 130. Ba a shiga mataki na shida sai an ci mataki na biyar a ƙa'idojin kiɗa ko makamancinsa, kuma matakai uku na ƙarshe suna ƙara wa ɗalibi maki wajen neman gurbi a wasu jami'o'in Birtaniya. Yawancin yara sukan ci kamar shekara guda a kowane mataki. Ke nan wanda ya sa hannu a takardar farko ya buɗe ƙofar tafiya ce da za ta iya cin shekara takwas ko fiye na ƙuruciyar ɗansa. Tafiya irin wannan ba a fara ta da ka.

To, mene ne hukuncin? Amana ta ilimi ta wajabta mana mu faɗe shi yadda yake. Jumhurin malamai na mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa, in ban da tambarin hannu mai fuska ɗaya da aka yi rangwame a kansa a biki da Idi. Daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Abu Malik Al-Ash'ari da ke cikin Sahihul Bukhari, wanda ya ambaci kayan kiɗa cikin abubuwan da wasu mutane za su halatta wa kansu. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka taso muna karantawa a zaure, ita ma ta hana sauraron kayan wargi da gangan. A zamaninmu Shaikh Ibn Baz da Shaikh Albani sun ƙarfafa wannan fahimta.

A ɗaya ɓangaren, Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya soki isnadin hadisin ya tafi a kan halacci, kodayake Ibnus Salah da wasu malaman hadisi sun mayar masa da martani. Imam Gazali a Ihya'u ya yi sauƙi a kan sauraron waƙa bisa sharuɗɗa, amma ya ware kayan tsirkiya da na busa ya hana su, saboda alama ce ta mashaya a lokacinsa. Shaukani a Nailul Auɗar ya kawo saɓanin da faɗi. Shaikh Yusuf Ƙardawi ya halatta da sharaɗin kada a haɗa da saɓo kuma kada ya shagaltar daga wajibi. A nan gida ma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahin Gwandu duk sun yi rubutu a kan kayan kiɗa, kuma ba su haɗu a kowace gaɓa ba.

Mu dai mun fi natsuwa da maganar jumhuri, ita muke karantarwa, ita muke bi a gidajenmu. Amma ba za mu ɓoye wa mai karatu cewa akwai malamai masu daraja da suka ga akasin haka ba, kuma mun san a cikin masu bin mu salla akwai waɗanda suka ɗauki waccan fatawa. Don haka nasiharmu ta kasu biyu.

Wanda ya zaɓi ya hana, ya hana tun farko, da bakinsa, da dalili. Ya je makaranta ya yi magana da hukuma cikin mutunci, kada ya bar ƙaramin yaro ya riƙa ɓuya a bayan aji yana ƙirƙiro ciwon kai. Ya kuma sani cewa yaron da ke son kiɗa yawanci Allah Ya ba shi kunne mai kama sauti da haƙurin maimaitawa, kuma wannan baiwa ba laifi ba ce. A nema mata mafita: tajwidi da ƙira'o'i, ilimin aruli da tsara baiti, kiran salla. Haka nan ya dubi kansa. Uban da ya kulle goge alhali wayarsa cike take da waƙoƙin finafinai, motarsa kuma ba ta tafiya sai da sauti, ba taƙawa ya koya wa ɗansa ba, fuska biyu ya koya masa. Yara sun fi karanta aikinmu a kan maganarmu.

Wanda kuma ya bi masu halattawa, to ya ɗauki fatawar tare da sharuɗɗanta, kada ya ɗauki rangwamen ya watsar da sauran. Kuma ya sani biyan kuɗi kaɗai ba shi ne tsayawa ga yaro ba.

Abu na farko shi ne lokaci. Darasi sau ɗaya ne a mako, amma ƙwarewa tana zuwa ne daga bitar kullum a gida. Kaɗan mai ɗorewa ya fi mai yawa na rana ɗaya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Shinichi Suzuki na Japan ya gina tsarin koyarwarsa ne a kan cewa uwa ko uba su zauna a darasin, su kuma kula da bita a gida. Binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 a kan ɗaliban bayolin a Balin ya nuna cewa mafiya ƙwarewa sun tara kimanin awa 10,000 na bita kafin su wuce shekara 20. Wannan adadi ya isa ya sa uba Musulmi ya yi lissafi. Daga ina za a yanko waɗannan awoyi? Idan daga kallon waya ne, wannan magana ce daban. Idan kuwa daga Islamiyya ne, ko tilawar asuba, ko sallar Magariba, to ko a wurin malaman da suka halatta an riga an fita daga iyaka.

Na biyu, wa ke koyarwa, kuma a ina? Horon kiɗa yawanci mutum biyu ne a ɗaki, malami yana gyara wa ɗalibi riƙon hannu da zaman kafaɗa. Kada kunya ta hana mu neman a bar ƙofa a buɗe, ko wani babba ya zauna, ko a samo wa 'ya mace malama. Mu kuma tambayi asalin sautukan da aka zaɓa, domin wani ɓangare na kiɗan gargajiyar Turai don ibadar coci aka tsara shi, kuma jerin da ake bayarwa a kowane mataki yana da zaɓi.

Na uku, kuɗi. Bayolin na yara girma-girma ne, ana sauya shi yayin da hannu ke tsawo, kuɗin jarrabawa kuma yana hawa daga mataki zuwa mataki. Bai dace a ci bashi saboda wannan ba, bai kuma dace a tauye sauran 'ya'ya ba. Mun san yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi zama shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya keɓe shi da ita ban da 'yan'uwansa.

Na huɗu, ranar sakamako. Jarrabawar matakin farko ba ta kai kwata na awa ba. Yaro zai iya shirin shekara guda, hannu ya yi masa rawa a gaban baƙon mutum, ya tashi da maki 97. Abin da zai gani a fuskar mahaifinsa a ranar ya fi takardar daɗewa a zuciyarsa. Idan ya ci, mu binciki niyyarmu kafin mu watsa hotonsa a Facebook: farin ciki ne, ko gasa da maƙwabta? Akwai yaran da ba su taɓa son kiɗan ba, suna jan gogen ne kawai don burin iyayensu. Irin wannan yaro idan ya ce ya gaji, a saurare shi. Babu wanda za a tambaya ranar ƙiyama don bai kai mataki na takwas ba.

Mu koma ga mutuminmu na bayan La'asar. Mun ce masa kafin maganar goge akwai maganar haƙƙi. Ya fara ba 'yarsa haƙuri, ya faɗa mata da bakinsa cewa sakacin nasa ne, ita ba ta aikata komai ba face abin da ya sa mata hannu ta yi. Sannan ya zauna da ita da mahaifiyarta ya karanta musu maganganun malamai na ɓangarorin biyu, domin mai shekara 14 ta kai a yi magana da hankalinta, kuma addinin da aka fahimta ya fi wanda aka ƙwace da mukulli zama a zuciya. Mun gaya masa abin da muka fi natsuwa da shi, mun kuma ce idan sun tsayar da shawarar dainawa, ya mayar mata da gogen ta ajiye shi da hannunta, ya nema mata abin da zai cike gurbin shekara shida, ya kuma raka ta a kansa fiye da yadda ya raka ta a baya. Idan suka ɗauki ɗaya fatawar, to sharuɗɗan da muka lissafa suna kansa, ba a kanta ba.

Ya 'yan'uwa iyaye, hadisi ingantacce ya kamanta uba da makiyayi wanda za a tambaye shi game da abin kiwonsa, makiyayi kuwa ba ya sanin inda garkensa ya shiga bayan shekara shida. Idan takardun zango mai zuwa suka iso, mu karanta su layi-layi. Mu tambayi 'ya'yanmu abin da ake koya musu, mu tambayi malaman da muka amince da iliminsu, sannan mu sa hannu ko mu ƙi sawa muna sane da abin da muka yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya jira ya bushe sannan ya danna da ƙarfi, karya shi zai yi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sanya su sanyin idanunmu, Ya yafe mana sakacinmu a kansu. Allah ne Mafi sani.