Daga Alakyo zuwa Rukubi: wa zai tantance abin da na'ura ta gani?

Mutanen Shabu da sauran garuruwan da ke kewaye da Lafiya sun san kwanton ɓauna tun kafin ya zama maganar jarida. Ranar 7 ga Mayun 2013 ayarin 'yan sanda da jami'an DSS ya tashi daga Lafiya zuwa Alakyo don kamo jagoran ƙungiyar Ombatse, ashe mayaƙan ƙungiyar na jiransu a hanya. Sama da jami'ai 70 ne suka rasa rayukansu. Da a ce a ranar an tura jirgi marar matuƙi ya leƙa gaban ayarin, ko akwai kyamarar da ke gano ɗumin jikin mutum ko da ya kwanta cikin ciyawa, da mai yiwuwa an juya motocin tun da wuri. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce sojan Najeriya ya yi watsi da na'urorin leƙen asiri. Abin dubawa shi ne aikin da ake ɗora musu.

Jihar Nasarawa ta ga ɗaya fuskar lamarin shekaru goma bayan Alakyo. Ranar 24 ga Janairun 2023 jirgin sojan sama ya saki bam a yankin Rukubi da ke ƙaramar hukumar Doma, ya hallaka kusan mutum 40, akasarinsu makiyaya da ke sauke shanun da suka fanso daga hannun jami'an Binuwai. Rundunar ta ce ta dogara da bayanan sirri da sa ido daga sama, kuma sai da shekara ta zagayo shugabanta ya nuna nadama. Kafin wannan nadamar ma, ranar 3 ga Disamban 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka binne aƙalla mutum 85. A wuraren biyu na'ura ta ga taro da motsi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Wanda ke zaune gaban allo ne ya fassara taron, ya kuma fassara shi ba daidai ba, domin daga sama sandar makiyayi da bindiga kusan kamarsu ɗaya.

Ra'ayina shi ne a mai da waɗannan na'urori idon sojan da ke ƙasa, a daina barinsu su yanke hukunci. Idan an gano hanyar da masu garkuwa da mutane ke bi, sai dakaru su tare ta. Sojan da ya yi kwanto yana ganin fuska, yana jin harshen da ake magana da shi, yana iya barin mace mai goyo ta wuce. Yana kuma iya kama mutum da rai, wanda zai faɗi mai kawo musu man fetur da harsashi, abin da bam ba ya bari a samu.

Za a ce wannan jefa rayukan sojoji ne cikin haɗari, kuma 'yan bindiga a kan babura ba sa jiran a tantance su. Maganar na da nauyi, musamman ga rundunar Whirl Stroke da aka ɗora wa Binuwai da Nasarawa da Taraba tun 2018, da dazuzzuka da gaɓar kogi masu wuyar shiga. Sai dai rage wannan haɗarin shi ne ainihin amfanin na'urar: ita za ta faɗa wa kwamanda yawan masu zuwa da inda suka dosa, ya san ko ya tsaya ko ya janye. Wasu kuma na cewa matsalar ta ƙarancin kayan zamani ce, a sayo waɗanda suka fi na Sin da Turkiyya da muke da su. To Amurka fa? A Kabul, ranar 29 ga Agustan 2021, jiragenta sun shafe sa'o'i suna bin wata mota, suka harbe ta, aka kashe farar hula 10, bakwai daga ciki yara.

Abin da ya rage tsada kaɗan gare shi, amma ya fi wuya. Mai unguwa a Shabu, ko arɗo a Doma, ya san ranar kasuwa da ranar biki da lokacin da shanu ke sauka ruwa, kuma kira ɗaya zuwa gare shi kan warware abin da kyamara ta kasa. Gaskiya ne labari kan fita ta irin wannan hanya, don haka dole a san wanda ake tambaya da yadda ake tambayar. Amma duk harin da ya faɗa kan bayin Allah yana rufe bakin waɗannan mutane, a koma dogaro da allo kaɗai. Ya kamata Majalisar Tarayya ta wajabta adana hoton duk wani aiki da aka yi kisa a cikinsa, tare da sunan jami'in da ya ba da umarni, ta yadda kwamitin bincike zai iya neman su cikin kwanaki, a kuma bayyana wa iyalan mamatan sakamakon.