Matan Adar: aikin da gwamnati ta ƙi ƙidayawa

Da zarar an kammala girbin hatsi, tashar motar Badagishiri takan cika maƙil da majiya ƙarfi masu tafiya cin rani: wasu Abijan, wasu Legas ta hanyar Ƙonni, wasu Libiya ta Agadas. Ƴan siyasa ba su gajiya da yabon kuɗin da ƴan bida ke aikowa gida. Amma babu ɗayansu da ya taɓa tambayar wadda ta riƙe gidan har mai shi ya dawo.

Ita ce ke jan ruwa a rijiya, ta yo itace, ta yi daka, ta yi jinyar tsohon mijinta, ta sayar da akuyarta ranar da yaro ya kwanta. Idan ta je neman katin ɗan ƙasa, sai ma'aikaci ya rubuta cewa matar gida ce, wato ba ta da sana'a!

To, a yi lissafi irin na ƴan kasuwa. Attajirin Abijan da ya ɗauki ɗan Illela aikin dako, guminsa na yini kawai yake biya. Bai biya renonsa ba, bai biya abincin ƴaƴansa ba, ba zai biya jinyarsa ba ranar da ya dawo da ciwo. Duk wannan nauyi yana wuyan matar ƙauye, kuma shi ne sirrin arahar lebura. Abin da ƙungiyar neman albashin aikin gida ta faɗa ke nan a Italiya tun 1972. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ke yin kashi 76 cikin ɗari na aikin kulawa da ba a biya.

Masu cewa wannan zancen Turawa ne su leƙa Keita, nan cikin Adar. Aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma can a 1984 da tallafin Italiya, yawancin masu ɗaukar dutse mata ne, domin maza sun tafi. An sallame su da abinci.

Haka kuma kowane tsuke bakin aljihun gwamnati a kansu yake ƙarewa. Lokacin da aka kariya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, magani ya yi tsada, jinya ta koma ɗaki, ɗakin kuwa an san mai shi. An ayyana maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, sai gwamnati ta dinga jinkirin biyan asibitoci, ɗakunan magani suka bushe.

Gaskiya ne matan Yamai sun yi maci ran 13 ga Mayun 1991 suna neman kujeru a shirin Taron Ƙasa, kuma dokar kaso ta 2000 ta shigar da mata majalisa. Sai dai kujera a Yamai ba ta rage nisan rijiya a Adar. Kuma babban ma'aikacin da ke jawabi kowace 13 ga Mayu, a gidansa akwai yarinya ƴar ƙauye tana wanki, ba lakkol, ba albashin kirki.

Hukumomin gundumomin Illela, Malbaza da Ƙonni suna karɓar harajin kasuwa kowane mako. Su fito su bayyana nawa ne daga ciki ya tafi ga famfon ruwa, injin niƙa da ɗakin haihuwa.